Kafin Injin Ya Ɗumama

Tun daminar bara muryar motar ta canza, tun ranar da ta yi zafi a kan tudu cike da fasinja, maigidan kuma ya ɗebo ruwan kududdufi ya kwarara mata a lagireto tana cikin huci. Shi da kansa ya kawo labarin gida yana dariya, yana kwatanta yadda tururi ya turnuƙe har wata tsohuwa ta fice da gudu ta bar takalminta. Matarsa ba ta yi dariya ba. Washegari, da ya dawo daga masallaci ya murɗa makulli, ta ji wani sabon sauti a ƙarƙashin rurin da ta saba da shi. Ƙwanƙwasa ce a hankali, irin ta baƙon da yake jin nauyin masu gida amma ya ƙi komawa.

Yau ma baƙon ya zo, kuma ya daina jin nauyin kowa. Tela, kamar yadda matan unguwa suke kiranta saboda sana'arta, tana zaune gaban keken ɗinkin da ta gada a wurin gwaggonta, tana ɗiga wa kowace gaɓa rabonta na mai kafin ta fara aiki. Tagar ɗakin tana kallon rumfar da motar take kwana. Injin ya yi tari, ya kama, sai ƙwanƙwasar ta biyo baya da ƙarfi, kamar ana dukan bokitin ƙarfe da muciya. Shuɗin hayaƙi ya fito daga salansa ya lulluɓe igiyar shanya.

Ba ta san sunayen kayan cikin mota ba, amma ta san tarihin wannan motar kamar yadda ta san tarihin 'ya'yanta. Mijinta direban haya ne, mutum mai fara'a da sakin hannu, wanda a tasha suke kira Sai-Gobe, domin duk abin da ya shafi gyara amsarsa ɗaya ce. Juyen mai sai gobe. Matatar iska da ta toshe, ya cire ta ya jefar, sabuwa sai gobe. In baƙin mai ya yi ƙasa, yakan roƙi wanda aka juye daga wata motar ya cika da shi. Da safe kuwa ba ya jira injin ya farka, totur yake takawa har ƙasa, wai mota kamar yaro ce, in ka shagwaɓa ta sai ta raina ka.

Shi ya sa abin da ya yi yau ya tsaya mata a rai. Bai taka totur ba. Ya bar injin yana ruri shi kaɗai, ya ɗauko ruwa da soso yana wanke jikin motar a tsanake, har cikin bakin salansa sai da ya goge. Kaɗan-kaɗan ƙwanƙwasar ta yi ƙasa, ta koma kamar bugun zuciya, ta ɓace. Sai a lokacin ya kashe ta.

“Maman yara, a ɗora shayi mai kauri,” ya ce yana leƙowa ta taga. “Mai saye yana hanya.”

“Wai wane ne mai sayen nan da aka ƙi gaya mini?”

“Ke dai zuba ido. Ba irin baƙon da ake nuna wa ƙofa ba ne.”

Rana ta ɗan ɗaga lokacin da aka yi sallama, muryar kuwa ta sa allura ta kusa huda mata yatsa. Auta ne, ƙaninta, wanda ta goya a bayanta tun ita ma ba ta gama girma ba. Ya shigo da sabuwar hula da murmushi har kunne, ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe tun ba ta gama amsawa ba.

“Yaya, ni na ce a ɓoye miki, ina so in ga fuskarki. Daga gobe ƙaninki mai mota ne!”

Ta san kamfanin da yake aiki ya rufe, ta san an ba shi ɗan abin sallama. Abin da ba ta sani ba shi ne ya sayar da babur ɗinsa ya haɗa. Ya zauna a bakin tabarma ya shimfiɗa mata shirinsa dalla-dalla. Innarsu, wadda ake kai wa wankin ƙoda babban asibiti duk mako, ta gama wahalar tasha da jiran mota ta cika. Zai sa ta a gaba, ya kwantar mata da kujera, ya ɗauki fasinja a baya su biya kuɗin fetur. Sauran ranakun kuma ya yi haya a doguwar hanyar da take kaiwa babban asibitin, tunda direbobi da yawa suna gudunta, abin hannu ya fi kauri a can.

Tela ta san hanyar. Akwai wurin da ake shiga daji a daɗe ba a ga ko rumfa ba, waya ba ta kamawa, fasinja su yi tsit kowa yana motsa leɓe. Wuri ne da ba a fatan mota ta tsaya, da rana ma, balle in rana ta karkata.

“Allah ya sanya alheri,” ta ce. Muryar da ta fito ba tata ba ce.

Suka fita rumfa, ta bi su da kofunan shayi. Auta ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai zaɓen rago. Da ya ɗora tafin hannu a kan bonet sai ya ɗaga kai.

“Babban Yaya, da ɗuminta.”

“Yara na kai makaranta,” maigidan ya ce, bai ko ƙifta ido ba.

Yaran da ƙafa suka tafi. Ita ta tsaya a ƙofa tana kallonsu har suka sha kwana.

Ya miƙa wa Auta makulli. Injin ya kama tashi ɗaya, yana ruri sumul.

“Kai! Kamar agogo!”

“Ai Gimbiya ke nan. Ni da ita mun ci ƙasa mun ci ruwa, ba ta taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. Don dai kai ne, ƙanina. Wani ne ya zo ko kallonta ba zai yi a wannan farashin ba. Bari ma in kai ta gareji yanzu a yi mata juye, ba zan miƙa maka ita da tsohon mai ba.”

“Yaya, kin ji ko? A zamanin nan wa yake yi maka haka?”

Ta kalli mijinta. Shi kuwa shayinsa yake hurawa. Aka tsayar da magana gobe Auta zai kawo kuɗi ya tafi da mota, jibi kuma ranar asibitin Inna ce.

Har azahar ba ta ɗinka abin kirki ba. Ta yi wa wata riga hannu a baibai, ta farke, ta sake. Bayan ta yi salla ta daɗe a kan darduma tana neman uzurin da za ta ba mijinta. Wataƙila gyaran gaske ya kai ta. Wataƙila kunya ce ta sa ya yi ƙaryar yara, yana nufin ya gyara kafin gobe. Zato zunubi ne, in ji masu magana, ko da ya zama gaskiya. Ta tuna akwai ɗinkin matar bakaniken mijinta, wanda ya ce a riƙa kai masa gareji, ta naɗe kayan a leda, ta saka hijabi ta fita.

Garejin yana bayan kasuwa, fili ne da ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta koma kamar kwalta. Gawarwakin motoci suna jere jikin katanga, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Gimbiya tana tsakiya, bonet a buɗe. Maigidan ba ya nan. Bakaniken, wanda kowa yake kira Injiniya, ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu da tsumma.

“A'a, matar Sai-Gobe da kanta! To albishirinki, yau gobe ta yi. Shekara da shekaru ina roƙonsa ya kawo ta juye, sai da zai rabu da ita ya tuna hanyar gidana.”

Ya karɓi ledar da bayan hannu, ya yi godiya, ya ce mijin nata ya tafi duba wata bas da yake so ya kama. Idonta ya sauka a kan kwanon da aka tari tsohon man. Baƙi ne wuluk, mai kauri, amma da rana ta haska shi sai ta ga yana walƙiya, kamar ƙyallin da take watsa wa rigunan yara.

“Injiniya, wannan ƙyallin na mene ne?”

“Hanjin injin ne, Hajiya. In ƙarfe ya rasa mai sai ya koma cin ɗan'uwansa. Wallahi abin takaici, irin injin nan shi yake binne mai shi. Kin ga waccan?” Ya nuna wata mota irinta sak a gefe. “Ta wani dattijo ce, ta girmi taku. Juye a kan lokaci, ruwa mai tsabta, da safe ya bar ta ta miƙe gaɓoɓinta kafin ya hau. In ta tashi sai kin kasa kunne. Taku kuwa lodi har rufi, gudu kamar an biyo shi, man da wasu suka zubar shi ne abincinta. Tun ranar tudun nan na ce a sauke injin. Kin san amsar.”

Ya jawo wani galan ya fara tsiyayawa a bakin injin. Man bai zuba kamar mai ba, a hankali yake saukowa, yana naɗewa kamar zuma.

“Wannan ne sabon man?”

Ya yi dariya, ya rage murya kamar mai magana da 'yar gida. “Man giyar mota ne, na haɗa da wani abu. Ba magani ba ne, toshe baki ne. Ni dai aka ce in sa ta yi shiru, ba a ce in warkar da ita ba.” Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙwan fitila, bai fi ƙwayar wake ba. “Ga kuma 'yar tsegumin, jar fitilar da take kama in mai ya gaza. Ta tafi hutu.”

Tela ta matso kusa da motar.

“Za ta kai wanda ya saya har yaushe?”

“Gaibu sai Allah. A cikin gari, ana lallaɓa ta, za ta ɗan ja. Amma a ɗora ta a doguwar hanya da lodi, man ya ɗauki zafi ya tsinke, to ba ta da lokacin sallama. Tsayawa ɗaya za ta yi, a inda ta ga dama.” Ya rufe bakin injin ya ɗaure. “Ki tuna masa abin da na ce, don na san halinsa. Kada ya kuskura mutumin ya ji ta da sanyi. Kafin man nan ya hau sama da safe, sai ta faɗi duk abin da ke cikinta. Ya tashe ta da wuri ta ɗumama tukuna. Wai wane bawan Allah ne ma tsautsayi ya aiko? Baƙo ne a garin?”

“Ba baƙo ba ne,” ta ce.

Ya dube ta, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya koma goge hannun da ya riga ya goge. Ta yi masa sallama ta juya.

Bayan la'asar maigidan ya dawo da motar. Ta ji shigarta rumfa, shiru kamar mage. Ya shigo da ledar lemo yana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ya raba wa yara, ya kore su waje wasa. Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha, ta zauna nesa da shi kaɗan.

“Baban yara, na je gareji kai ɗinki.”

Kofin ya tsaya a hannunsa. Ya ajiye shi a hankali.

“Injiniya da baki kamar rariya.”

“Bai san ƙanina ba ne. Ya ɗauka da ni aka ƙulla.”

“Babu abin da aka ƙulla. Ke kin taɓa ganin wanda ya sayar da mota tana lafiya ƙalau? Haka aka sayar mini, haka kowa yake sayarwa. Tsohuwar mota sai da gyara, Auta ba yaro ba ne, ya sani.”

“Ya san an cire jar fitila?”

Ya sake ɗaukar kofin, ita kuwa ta ci gaba.

“Inna zai sa a gaba jibi. Ka fi ni sanin dajin nan. Kuma ka san abin da likita ya ce in ranar wankinta ta wuce.”

“Ni ma uwata ce!” ya ɗaga murya, sa'an nan ya sauke. “Kina ganin zan so wani abu ya same ta? Tafiya ɗaya ko biyu za ta kai, na san motata. In na kama bas ɗin nan na fara aiki, ni da kaina zan sauke masa injin in gyara. Ban ce zan gudu ba.”

“Yaushe?”

Ya gane amsar da take bakinsa tun kafin ta fito, ya haɗiye ta. Ya kawar da kai wajen taga. Da ya sake magana babu sauran fara'a a muryarsa, kuma ba ta taɓa jin sa haka ba.

“Tun bara nake shiga motar nan gabana yana faɗuwa. Kullum in fita, ban sani ba ko da ita zan dawo ko da makulli kawai. Mutum uku suka zo dubawa, duk 'yan tasha ne, suna jin ta suka yi dariya suka tafi. Mai bas ya ce gobe ne ƙarshe, akwai wanda yake jira a bayana. In ta buga a hannuna, ba mota, ba bas, ba aiki. Me za mu ci? Kekenki zai riƙe gidan nan?”

Ta san bai yi ƙarya ba a nan. Ta ga furfurar da ta fito masa a shekarar nan, ta ga yadda yake juyi a shimfiɗa. Wannan ne mutumin da ya yi jinyar mahaifinta kamar ɗan cikinsa, wanda bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Tausayinsa ya kama ta har sai da idonta ya cika.

“Ka gaya masa aibinta,” ta ce a hankali. “In ya ji ya gani, ya saya a kan sani. Albarkar ciniki a nan take. Ni zan sayar da abin da nake da shi mu haɗa.”

“In ya sani ba zai saya ba, ke ma kin sani.” Ya miƙe tsaye. “Ki saurare ni da kyau. Ban yarda ki gaya masa komai ba. Sirrin gidana ne. In kika zaɓi ki tona mini asiri a gaban danginki, in zama ɓarawon ƙanin matata a bakin duniya, to ki san akwai abin da in ya fashe ba ya ɗinkuwa, ko a wurin tela.”

Bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya koma ya zauna a bakin gado, ya dafe gwiwoyinsa. Ana jiyo ihun yara daga waje da ƙaran ƙarfen motar da take hucewa a rumfa, ƙas, ƙas, a hankali.

Ta duba gabas da yamma ba ta ga hanya mai daɗi ba. Gaba kura, baya sayaki. Ta hango Inna a kujerar gaba da carbi a hannu, ƙafafunta a kumbure, ta hango Auta tsaye a gefen titi ya buɗe bonet yana kallon abin da bai sani ba, rana tana gangarawa bayan itatuwa. Ta hango kuma ɗakin nan, da gadon nan, da shirun da zai iya zama a cikinsa shekaru. Ta yi salati a zuciyarta.

Wayarta ta yi ƙara a kan keken ɗinki. Auta ne. Maigidan ya ɗago kai ya kafa mata ido. Ta ɗauka, ta buɗe murya yadda shi ma zai ji.

“Yaya, ga Inna nan ta hana ni sakat, wai sai ta sa wa Babban Yaya albarka da bakinta.”

Muryar tsohuwar ta fito a raunane, tana haki tsakanin kalma da kalma. “Ɗana, an gaya mini. Yadda ka rufa mana asiri, Allah ya rufa maka duniya da lahira. Allah ya ba ka masu yi maka.”

“Amin, Inna,” ya ce, kansa a sunkuye. Da ƙyar aka ji shi.

Auta ya karɓi wayar. “To, Yaya, gobe da yaushe zan zo? Babban Yaya ya ce in bari sai hantsi.”

Maigidan bai yi motsi ba, idonsa kawai yake magana. Tela ta dube shi, ba da fushi ba, ba kuma da tsoro ba.

“Ka zo ka yi sallar asuba a masallacinmu,” ta ce. “Ku dawo gida tare. Mai mota da sammako aka san shi, kuma ina so kai za ka fara tayar da ita.”

“Har haka? To an gama, Yaya. Ko liman sai ya tarar da ni.”

Ta kashe wayar ta ajiye. Maigidan ya daɗe yana kallonta, kamar yau ya fara ganinta, sa'an nan ya ɗauki buta ya fita. An fara kiran magariba. Ba ta san da wace fuska zai dawo ba, ba ta kuma san abin da gidan zai zama daga gobe ba. Ba za ta faɗi aibin motar da bakinta ba, tunda ya hana. Amma ta riga ta yanke: motar za ta kwana da sanyinta, kuma ba wanda zai tayar da ita sai Auta yana tsaye a wurin.